Ganyen Shayi a Ƙasar Fadama: Saye da Ajiya

Babu garin da za ka kwana a ƙasar Haɗejiya ka tashi ba ka ji ƙarar cokali a cikin kofi ba. Daga tashar motar Auyo zuwa Ayama da Gamsarka da Gatafa, shayi ya zama karin kumallon mai gida da ɗan makaranta, ya kuma zama abokin hirar majalisar dare. Manomin ranin da zai kwana gadin tattasai yana tafe da 'yar butarsa, masunci ma haka. Sai dai duk yawan shan nan, ba kasafai ake tsayawa a tambayi lafiyar ganyen da ake jefawa a ruwa ba. Ana ciniki a kan madara, ana kuka da tsadar sukari, ana matsa burodi a ji laushinsa kafin a biya, amma ganye ko wane iri aka miƙo karɓa ake yi. Mafi yawan shayin da yake zuwa mana lami kuwa lafiyarsa ƙalau ya baro gona. A hannunmu yake mutuwa, tsakanin kantin da aka saye shi da ɗakin da aka ajiye shi, kuma yanayin ƙasarmu ta fadama yana da hannu dumu-dumu a ciki.

Sai an san abin da ake ajiyewa kafin a san yadda za a ajiye shi. Baƙin shayi da koren shayi itace ɗaya ne, wanda asalinsa daga kudancin ƙasar Sin da makwabtanta ne. Wajen sarrafawa suke rabuwa. Masu tsinka suna ɗebo toho da sabbin ganye biyu na ƙarƙashinsa, a baza su a inuwa iska tana ratsa su har su yi yaushi, sannan a murje su domin ruwan jikinsu ya fito ya haɗu da iska. A nan ne ganyen yake juyawa daga kore zuwa ja, kamar yadda farin goro yake rinewa idan aka ɓare shi aka bar shi a fili. Idan ya kai inda ake so, sai a tsayar da juyawar da iska mai zafi, a busar da shi ƙayau, har ruwan da ya rage a jikinsa bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Koren shayi kuwa tun da farko ake sa masa zafi don kada ya juya. Bushewar nan ita ce ran baƙin shayi, kuma ganyen ba ya son zama a cikinta: duk inda ya haɗu da iska mai laima zuƙe ta yake yi. Da ruwan jikinsa ya haura kashi 6 zuwa 7, ɗanɗano ya fara zubewa ke nan. In ya ci gaba da sha, fumfuna ce za ta biyo baya.

Ga inda gizo yake saƙar. Juyawar da ganyen ya yi tana haifar da sinadarai iri biyu. Na farko masana suna ce masa tiyafilabin, shi ne mai ba shayi haske a kofi da ɗan baurin nan da yake kama harshe ya wartsakar da mutum. Na biyu tiyarubijin, shi ne mai ba shi duhun launi da nauyi a baki. Ban da su akwai ƙamshi, wanda wasu mayuka ne masu saurin bin iska. Idan ganye ya daɗe a muguwar ajiya, ƙamshin ne yake fara tafiya, tiyafilabin ya bi bayansa. Launi kuwa yana nan daram, har ƙara duhu yake yi. Kafeyin mai korar barci shi ma ba ya zuwa ko'ina. Don haka mataccen ganye zai rina maka ruwa jajawur, ya hana ka gyangyaɗi, ka rantse da Allah shayi ka sha. Mu kuwa a nan da launi muke yanke hukunci. Da an ɗaga kofi an ce ya yi ja, magana ta ƙare. A ganina wannan ma'auni shi ya fi cutar da mu, domin shi ya sa mai kanti ba ya shakkar sayar da tsohon kaya, mai saye kuma ba ya gane an rage masa komai. Sai dai ya ji bai gamsu ba, ya jefa ƙunshi na biyu, ya ƙara sukari.

Ganyen ma kafin ya iso gare mu ya riga ya ci wani kaso na rayuwarsa a hanya. Nijeriya tana noman shayi a tsaunin Mambila, a ƙauyen Kakara da ke ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudun ya haura mita 1,500 kuma sanyi da ruwan sama suka wadata. Tun shekarun 1970 aka kafa gonar, daga can ne Highland Tea yake fitowa. Amma abin da Mambila take fitarwa bai kusa isar ƙasa ba, galibin abin da muke sha daga waje yake shigowa. Kenya ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, kuma a kasuwar gwanjo ta Mombasa ake sayar da nata da na makwabtanta irin su Yuganda da Ruwanda. Akwai na Indiya daga Asam da Darjilin, akwai na Siri Lanka wanda har yanzu ake kira da tsohon sunan ƙasar, Silon. A lissafa tafiyar: daga masana'anta zuwa sito, zuwa gwanjo, zuwa jirgin ruwa, zuwa tashar Legas, zuwa wurin da ake haɗawa a ƙulla, sannan tirela ta kawo kasuwar Singa a Kano, 'yan sari su kawo Haɗejiya, mai kanti ya ɗauko a bayan babur ya kai Auyo. Watanni ne, ba kwanaki ba. Muddin yana cikin buhun masana'anta mai rufin alminiyam ta ciki, tafiyar ba ta yi masa illa sosai. Ta'adin yana farawa ne daga ranar da aka yage leda.

Saurin ta'adin kuma ya danganta da girman ganye. Akwai cikakken ganye da aka murɗa a hankali, irin wanda Siri Lanka da Darjilin suka yi suna da shi. Akwai karyayye, akwai tsaki-tsaki, akwai gari. A farkon shekarun 1930 wani Bature mai suna William McKercher ya ƙera injin CTC a Asam, wanda yake murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya mulmula shi ƙanana, kuma kusan duk shayin Kenya ta wannan hanya ake yin sa. Abin da yake cikin ƙunshin nan mai zare tsaki ne da gari. Ba na cikin masu raina shi. Yana saki cikin minti biyu zuwa uku, yana da ƙarfin da zai tsaya wa madara, kuma mai shayin da mutum goma suke jira a kan benci ba shi da abin da ya fi shi. Amma duk yadda aka niƙa abu, haka iska take samun wurin shiga, takardar ƙunshin kuma ba ta tare laima ko wari. Cikakken ganye zai jure watanni a gwangwani, mai zare kuwa in aka bar kwalinsa a buɗe a damina, 'yan makonni sun ishe shi ya mutu. Mai shan ruwan bunu, wanda babu madarar da za ta rufa wa ganye asiri, shi ya kamata ya nemi cikakken ganye ko karyayye.

Shekarar Auyo fuska uku gare ta ga ganyen shayi. Hunturu masoyinsa ne: iska ta bushe har leɓe yana tsagewa, laimarta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, babu abin da ganye zai zuƙa sai ƙura in an bar shi a buɗe. Bazara tana zuwa da zafin da yake haura digiri 40 a inuwa a watannin Afrilu da Mayu, a ƙarƙashin rufin kwanon da ba shi da silin kuwa abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Zafi yana tayar da ƙamshi, yana gaggauta duk wata lalacewa. Shagon kwantena da yake shan rana tun hantsi har la'asar dafa kayan cikinsa yake yi a hankali.

Damina ce babbar abokiyar gaba, kuma damina a bakin kogin Haɗejiya daban take da ta garuruwan tudu. Ruwan da yake taruwa daga madatsun Tiga da Challawa a nan yake bajewa. Ga madatsar ruwan aikin noman rani ta kwarin Haɗejiya a gefen Auyo, ga magudanai, ga gonakin shinkafa cike da ruwa, ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin kogi ta sa ruwa yana kwanciya inda da can wucewa yake yi. A Agusta da Satumba bangon ƙasa yana jan laima daga tushe, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa, tabarma ta yi warin rima. Duk ɗakin da gishiri ya jiƙe a cikinsa, to ganyen shayin da yake buɗe a ɗakin ya riga ya sha nasa rabon, ido ne kawai bai gani ba. Wannan a shekarar da aka zauna lafiya ke nan. A shekaru irin 2018 da 2020 da 2022, da ambaliya ta shiga garuruwan wannan yanki, ruwa har cikin shaguna da ɗakunan ajiya ya kwana.

Mu leƙa kanti irin wanda kowa ya sani. Kanta uku ce ta katako. A ta sama sabulun wanka ne da garin wanki, a ta tsakiya madara da sukari da kwalayen shayi, a gefensu maganin sauro na kunnawa. A ƙasa ga jarkar kananzir, ga buhun albasa. Kwalin shayi ɗaya an yage bakinsa ana sayar da ɗaiɗai, zarurruka suna leƙowa. Yaro ya zo, “Alhaji, wai a ba da mai zare guda biyu.” Alhaji ya sa hannun da ya gama auna garin wanki ya zaro, ya miƙa. In wani dattijo ya ce, “Alhaji, yaushe aka buɗe kwalin nan?” amsar a shirye take: “Haba Malam, ai shayi ba ya lalacewa.” Alhaji ba ƙarya yake nufi ba, abin da ya tashi ya tarar ana faɗa ke nan. Amma ganyen shayi yana ɗaukar wari fiye da kusan duk abin da yake cikin shagon. Da wannan halin nasa ne mutanen Sin suke yin shayi mai ƙamshin furen yasmin: su shimfiɗa fure a kan ganye su kwana tare, da safe su tsince furen, ƙamshin ya zauna. In dare ɗaya ya isa fure ya shiga jikinsa, me wata guda zai yi a gefen sabulu? A ƙasar da ake banda kifi, ake ajiye daddawa a ɗaki, ake jingine maganin feshi da buhun takin zamani a zaure, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To yaya za a saya? Abu na farko a wurina shi ne kantin da kaya ba sa kwana. Ƙaramin shago a bakin tasha wanda yake ƙarar da katan a mako ya fi babban kanti mai ƙyalli da kwali yake shekara a kan kanta. Sannan a juya kwalin a karanta. Mutane sun saba duba ranar ƙarewar wa'adi kawai, alhali kamfanoni sukan ba rufaffen shayi shekara biyu zuwa uku, kuma wa'adin nan an yanke shi ne bisa zaton ana ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa. Ranar da aka sarrafa shi ta fi gaya maka gaskiya: wanda bai wuce wata shida ba ya fi wanda ya shekara da rabi, ko da duka biyun wa'adinsu bai cika ba. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC. A duba ledar da ta naɗe kwalin ko tana nan ba a taɓa ba. Kwalin da launinsa ya koɗe ya sha rana, wanda gindinsa ya yi taushi ko ya yi shatin ruwa ya zauna a ƙasa mai laima. Duka biyun a bar wa mai su, ko da an yi rangwame, domin araha ba ta ado. Mafi amincin ƙulli shi ne wanda aka rufe ganyen a ledar alminiyam ta ciki, ko kowane ƙunshi da tasa ambulan. Mai neman na Siri Lanka ya duba tambarin zaki riƙe da takobi, wanda hukumar shayin ƙasar take bayarwa ga shayin da nata ne zalla kuma a can aka ƙulla shi.

Ganyen da ake aunawa a buɗe ya fi buƙatar ido, kuma wannan tsohuwar matsala ce. Tun a ƙarni na 18 majalisar Ingila ta yi dokoki a kan masu busar da ganyen da aka riga aka dafa su rina shi su sake sayarwa, da masu cakuɗa shi da ganyen wasu itatuwa. Wani ɗan kasuwa mai suna John Horniman, wanda ya kafa kamfaninsa a 1826, da rufaffen ƙunshi ya yi suna, domin mai saye ya tabbata babu hannun da ya shiga ciki. A kasuwa kana da hanyoyin gwaji da ba sa cin ko kwabo. Ɗebi kaɗan ka murza tsakanin yatsu: lafiyayye zai yi ƙaras ya farfashe, wanda ya sha laima zai lanƙwashe ko ya dunƙule. Zuba a tafin hannu, ka hura masa numfashi, ka shinshina. In ƙamshi bai taso ba, ko ka ji warin tsohon kwali, ka wuce gaba. A gida ka barbaɗa kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda. Ganye na gaskiya a hankali yake saki a ruwan sanyi, wanda aka yi wa rini kuwa nan take zai bar tabo mai kaifin launi. In kana da mayen ƙarfe ka bi ta kan garin, ka ga ko ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe.

Masu ɗanɗana shayi a masana'antu suna da ƙa'idar da ta zama ta duniya: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti shida. Kowa zai iya kwatanta wannan a farin kofi ba madara ba sukari. Mai rai za ka gan shi garau, da zoben ruwan zinariya a gefen kofi, ganyen da aka tace kuma launin jan ƙarfe mai haske. Matacce zai yi duhu dususu, ganyensa baƙi. In ka gwada sau ɗaya ka ajiye su kusa da juna, ba za a sake ruɗin ka da ja ba.

Batun yawan da za a saya lissafi ne mai sauƙi. Ƙunshi mai zare kusan giram 2 ne. Gidan da yake jefa huɗu a rana zai cinye kwali mai ɗari cikin kwana 25, wannan babu laifi ko a damina. Amma gwauron da yake shan ɗaya da safe, kwali mai ɗari zai kai shi fiye da wata uku, rabin na ƙarshe asara ce. Mai 25 ya fi masa. Giram 250 na ganye zai ba da kofi sama da ɗari. Shawarata ita ce a bi kalandar ƙasar: mai hali ya yi sari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa kada a buɗe abin da ba za a cinye cikin wata ɗaya ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, don haka sayen shayin wata guda a dunƙule don sahur da buɗa-baki ba shi da hatsari. A 2011 kuwa azumi a watan Agusta aka yi shi, kuma zai sake zagayowa can, domin kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 11.

Ajiyar kanta ba ta buƙatar kuɗi. Gwangwanin garin madara mai murfi mai kamawa ya wadatar, in an wanke shi tas, an shanya shi kwana biyu a rana har babu sauran ƙarni ko ɗigon ruwa. Kada a juye ganyen tsirara. A bar shi cikin ledarsa ta alminiyam, a matse iska, a naɗe baki a ɗaure da roba, sannan a sa a gwangwani. Kwalba ma tana yi in murfinta yana da kyau, amma sai an ɓoye ta daga haske. Robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko man shafawa kuwa ba ta sakin wari har abada. Dabarar da ta fi kowacce amfani ita ce gwangwani biyu, babba da ƙarami. Babban a rufe yake, sau ɗaya a mako ake buɗe shi da tsakar rana a cika ƙaramin, ƙaramin shi ne na kullum. Ta haka iskar damina ba ta shiga cikin jarin gaba ɗaya sau biyar a yini. A ɗora shi a sama, nesa da bango mai jan laima, nesa da murhu, amma ba dab da kwanon rufi ba. Cokalin ɗiba ya zama busasshe, kuma kada a buɗe gwangwani a saman tukunyar da take tururi, wanda kusan kowa yake yi ba tare da ya lura ba. Citta da kanumfari da masoro da na'ana'a kowa da mazubinsa, a haɗa su a tukunya lokacin dafuwa. Wanda yake son ganyensa ya ɗauki ƙamshin kanumfari ya ware kaɗan ya sa masa da gangan.

Firiji ba wurin baƙin shayi ba ne, balle a inda wuta take zuwa tana ɗaukewa. Duk sanda aka fito da gwangwani mai sanyi cikin iska mai ɗumi, raɓa take kwantawa a kan ganyen, ga warin kifi da miyar da suke ciki.

Akwai wata asara da take ba ni tausayi saboda da kyakkyawar niyya ake yin ta. Alhaji ko Hajiya sun dawo daga Makka da tsarabar shayi mai kyau, irin su Rabea ko wani na Silon a gwangwani mai ado. Uwargida ta karɓa da murna, ta buɗe ta shinshina, ta ce wannan sai babban baƙo. Ta kai shi adaka, ta sa shi tsakanin atamfofi, kusa da kwalbar humra da turaren wuta da ƙwayoyin kafur. Damina biyu ta wuce. Ranar da surukai suka zo aka fito da shi, abin da aka zuba musu ruwan kafur ne mai launin shayi. Wanda ya kawo tsarabar don a sha ya kawo ta. Irin wanda aka yi wa ƙamshin lemo, kamar Earl Grey, ya ma fi saurin sanyi da zarar an buɗe. Akwai shayin da ake ajiyewa shekaru da gangan, wato Pu'er na lardin Yunan a Sin, amma shi sarrafawarsa daban ce, kuma ba shi ne a kasuwanninmu ba.

Teburin mai shayi shi ma yana da nasa gyaran. Tun asuba ya hura wuta, babbar tukunya tana tafasa, gwangwanayen madara an jera su bene-bene, ga kiret ɗin ƙwai, ga kaskon suya yana tashin albasa da mai. “Yallaɓai, kauri ko ruwan bunu?” Ya ɗebo, ya sheƙa daga kofi zuwa kofi hannu sama hannu ƙasa har ya yi kumfa. Gwani ne, babu musu. Amma duba inda kwalin ganyensa yake: a buɗe tsakanin tururin tukunya da hayaƙin kasko, daga asuba har sha biyun dare. Abin da yake cetonsa shi ne yawan ciniki. Da zai zuba na yini a ƙaramin mazubi mai murfi ya bar sauran a rufe a ƙasan tebur, ya kuma daina barin tsofaffin ƙunsa suna ta dahuwa a tukunya har su saki ɗaci, da ya rage yawan ganyen da yake jefawa, masu ruwan bunu kuma su ne za su fara yi masa talla.

Ganyen da ya ɗan yi sanyi amma babu wari babu fumfuna, ana iya ɗumama shi a tsabtataccen kasko marar mai a kan wuta kaɗan na 'yan mintuna, a bar shi ya huce a rufe. Zai dawo da ƙaras ɗinsa, ƙamshin da ya tafi kuwa ya tafi. Wanda ya yi fari-fari ko ya dunƙule yana warin rima, zubarwa za a yi. Wanda ruwan ambaliya ya taɓa kuwa babu ma zancen shanyawa, domin ruwan ya ratso masai da gonakin da aka yi wa feshi kafin ya shigo shago. Na san zubar da katan guda ba abu ne mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa ba, amma shanya shi a mayar kan kanta cin amanar mai saye ne.

Ruwa ba ya tsami banza, sai dai ba kullum ganye ne mai laifi ba. Ruwan rijiya mai zartsi ko mai kanwa-kanwa yana sa shayi ya yi duhu ya mutu a baki, ruwan burtsatse mai ƙarfe-ƙarfe yana baƙanta shi. Matsa lemon tsami ka ga ya washe nan take, domin launin shayi yana bin tsami da kanwar ruwa. Kafin ka zargi mai kanti, dafa ganyen da wani ruwan ka gani. Masu shayin Buzaye kuma, da suke dafa koren ganyen Sin irin mai lamba 41022 a 'yar buta kan gawayi, su sani nasu ya fi baƙin saurin mutuwa. Ƙananan kwalayen nan da ake cinyewa a zama ɗaya ko biyu su suka dace da su.

Wani zai ce duk wannan maganar masu hali ce, talaka guda biyu yake saye ya jefa a ruwa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nauyin ya koma wuyan mai sayarwa. Wanda yake sayen ɗaiɗai ba shi da gwangwanin da zai kare shi sai na mai kanti. Ina kira ga dilolin Haɗejiya su ɗora katan-katan a kan katako, su janye su daga bango kafin Yuli, su fitar da tsohon kaya kafin sabo. Masu kantuna a Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori su raba shayi da kantar sabulu, su zuba na sayar da ɗaiɗai a mazubi mai murfi. Kai kuma mai karatu, kafin ruwan farko ya sauka ka nemi gwangwani biyu ka wanke ka shanya, in ka je saye kuma ka juya kwalin ka karanta ranar da aka yi shi kafin ka miƙa kuɗinka.